Faifan Mudi na Burumburum

Tudun Wada,
9 ga Maris, 1957

Zuwa ga Yaya Inuwa, gidan rediyo, Kano.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen gidan da kake zaune. Mu nan lafiya lau, sai Inna da ciwon gwiwarta, sai kuma zafi da ya fara shigowa.

Wataƙila ba za ka gane ni ba. Ni ce Luba ta gidan makaɗa, wadda kakarka ta Kiru da kakata suke 'yar wa da 'yar ƙani. Ka taɓa sauka gidanmu lokacin bikin Yaya Zuwaira, ni ce yarinyar da ta kawo maka ruwan alwala ta zubar da rabi a hanya. Da aka ce unguwarmu ta ba da yarinya makarantar boko, 'yar makaɗi aka fara nunawa, shi ya sa ka ga na iya rubutu. Ban yi baƙin ciki ba. Yanzu ina taya Malamar makarantar koya wa matan aure baƙaƙe, ita kuma tana aro mini littattafan labari. Na fi son waɗanda ake rabuwa a cikinsu daga baya a sadu.

Sai da na ɓata takarda har na ji kunyar Malama kafin na rubuta wannan.

Duk Juma'a bayan la'asar ana kunna rediyo a ɗakin karatu na nan garin, mu 'yan mata mu tsaya ta taga. Ran nan sai muka ji mai magana ya gode wa Malam Inuwa mai shirya faya-fayai. Kawu Sabo, ƙanen Baba, ya ce, "Ai yaron Kiru ne, namu ne!" Ni kuwa ban iya cin tuwo ba ranar.

Yaya, kada ka ga rashin kunyata. Faya-fayan da kuke sawa masu daɗi ne, amma kullum su ke nan, manyan da kowa ya sani. Akwai wasu da ba wanda ya sani. Shekarun baya wani Bature da tafintansa sun sauka a barikin Bebeji da na'urar ɗaukar murya, aka tattaro musu makaɗan ƙauyuka. Daga baya aka aiko wa kowa nasa faifan guda ɗaya.

Ka nemi na Furera ta Yako da 'yan amshinta, masu kiɗan ƙwarya. Tana waƙar tulunta da ya fashe a rafi kamar wadda aka yi wa mutuwa, tana faɗa tana dariya, har sai ka manta tulu ne. Ka nemi na Ɗantani, wani Bafulatanin Doguwa mai busa sarewa. Shi ba ya cewa uffan. Sau ɗaya na taɓa jin sa, amma sai na ji kamar wani ya tafi ya bar ni, alhali ban san ko wane ne ba.

Na ukun shi ne dalilin wasiƙar. Ka yafe mini, dole in rubuta sunan don ka gane shi a jikin faifan: Mudi na Burumburum da yaransa, gangar noma. Baba ke nan, Allah ya jiƙansa.

Tun da ya rasu Kawu Sabo, mai buga masa ganga, shi ne ya riƙe kiɗan, amma kiran gayya sai raguwa yake yi. Mutane sun fara mantawa. 'Yan amshi biyu sun tafi haƙar kuza Riruwai, shi ma Kawu ya ce in daminar bana ta wuce ba a kira su ba, bin su zai yi. In ya tafi, kiɗan gidanmu ya ƙare ke nan. Amma da za a ji Baba a rediyo ko sau ɗaya, daga Bebeji har Doguwa kowa zai tuna a gaban gangar wa ya koyi riƙon garma.

Don Allah ka duba ɗakin faya-fayanku.

Ƙanwarka mai jin nauyinka,
Luba

*

Kano,
30 ga Maris, 1957

Zuwa ga ƙanwata Luba,

Na sami wasiƙarki, na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma lafiya, sai tari da ɗan aiki. Ki gaida Inna, ki ce ta riƙa shafa man shanu da zafinsa. Ki gaida Kawu Sabo.

Yaya za a yi in manta ki? Har yau ƙafata ta hagu tana bin ki bashin wanki. Ashe yarinyar da ba ta iya ɗaga kai ta kalli mutum ita ce yanzu take koya wa gidan rediyo aikinsa. Rubutunki kuwa ya fi na akawunmu.

Na duba ɗakin kaf. Babu Furera, babu Ɗantani, babu na Baba. Na tambayi wani tsohon mai kantin faya-fayai a Fagge. Ya tuna zuwan Baturen nan, amma ya ce kaɗan aka buga, ba su yi kasuwa ba, kamfanin ma ya daina zuwa Arewa. Bai san inda za a sami ko ɗaya ba.

Ki sani ni ƙaramin ma'aikaci ne. Ni nake share faifai in miƙa, akwai babba a kaina mai zaɓa. Amma ina tuna muryar Baba Mudi a gonar kakata, ranar da manoma suka gama gonar kafin azahar don kunyar kada ya ambaci sunan wanda ya rage baya. Idan naku yana nan, ki aiko mini in ji. Ki ba direban da ya san daraja, a sa shi tsakanin katako biyu, kada rana ta taɓa shi.

Yayanki,
Inuwa

*

Tudun Wada,
17 ga Afrilu, 1957

Zuwa ga Yaya Inuwa,

Gaisuwa da fatan tarin ya tafi. Inna ta ce ka sha jiƙon bagaruwa, kada ka biye wa ƙwayoyin birni. Gwiwarta da sauƙi. Kowa lafiya.

Wasiƙarka na karanta ta har ta fara rabewa a wajen ninki. Na karanta wa Kawu Sabo a zaure. Da na zo wajen da ka ce a aiko, sai ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "To shi ke nan, 'yar nan. Wa zai ji Yaya Mudi ya iya mayar da shi cikin kwali?" Kafin magariba duk unguwa ta san za a sa Baba a rediyo.

Inna ce ta ba ni wuya. Ta ce, "Sau ɗaya aka fitar min da mai muryar daga gidan nan bai dawo ba, yanzu kuma ki ce in sa muryar tasa a mota?" Sai da Kawu ya durƙusa mata, yana tsokanarta wai tana kishi kada matan Kano su ji muryar mijinta. Ta jefe shi da mafici. Daga nan ta tashi ta ɗauko.

Bari in gaya maka yadda za ka saurare shi, don kada wani abu ya wuce ka. Da farko ganga ce kaɗai, ta Kawu, a hankali. Sai Baba ya yi gyaran murya. Sai ya ɗauko, "Ubale ɗaga garma, na baya sun taho." Wajen tsakiya akwai inda ɗan amshi ya riga shi shiga, za ka ji Baba ya yi 'yar dariya a cikin waƙar bai tsaya ba. Nan ne na fi so a duniya. Ɗaya gefen waƙar shigowar ruwan fari ce, ita kuma ban iya jin ta a gaban mutane.

Ba a taɓa barin faifan nan ya yi kaɗaici ba. Mu ba mu da garmaho, akwatin nan da ake sa faifai, na Ladan Tela ne a bakin kasuwa, kuma tun rasuwar Baba babu ranar kasuwar da ba a sa shi ba, ban da suna da biki. Allurar garmahon ta ƙare tuntuni, amma Ladan ya ce shi da yake wuni da allura ba zai aika Kano neman allura ba. A dutsen da yake wasa almakashi yake wasa tsofaffin, in sun gajarce ya karya ta keken ɗinki ya sa. Idan kuma ya ga sautin ya yi ƙasa, sai ya ɗaura ɗan dutse a kan hannun garmahon don allurar ta zauna sosai. Ku ma ku gwada, in naku ya yi ƙasa.

Na naɗe shi a auduga da kallabina sabo, tsakanin katako biyu yadda ka ce. Direban motar gyaɗa ya rantse a cinyarsa zai riƙe shi in ba tuƙi yake ba.

Kallabin ba sai ka dawo da shi ba.

Wace Juma'a ce?

Ƙanwarka,
Luba

*

Tudun Wada,
14 ga Yuni, 1957

Zuwa ga Yaya Inuwa,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mu nan ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya fito. Inna lafiya, amma ta rage magana.

Direba ya ce hannu da hannu ya ba ka. Na sa ya rantse, ya rantse.

A littattafan da nake karantawa, idan saƙo ya yi jinkiri kogi ne ya cika, ko manzo ya faɗi daga kan doki. Na tambaya, an ce hanyar Kano lafiya lau take.

Yaya, duk Juma'a mutane suna cika ɗakin karatu har waje. Akwai tsofaffin da suke tasowa tun daga Burumburum da sandarsu. Da an ce "ga faifai na gaba" sai wurin ya yi tsit, sai kuma a ji wani ne daban. Juma'ar da ta wuce wani ya ce da ƙarfi, "Ko dai sai an gama da sarakuna za a zo kan manoma?" Aka yi dariya. Wata ta juyo ta ce mini, "Malama Luba, ko dai ke kika rubuta wa kanki amsar?" Na koma gida ta bayan gari don kada in haɗu da kowa.

Kawu Sabo ya sake wa gangarsa fata. Ya aika Riruwai a gaya wa 'yan amshi su shirya dawowa. Noman fari ya kusa, har yanzu ba wanda ya kira gayya da kiɗa, kowa cewa yake bari a ji rediyo tukuna. Shi Kawu ba ya tambayata. In mun haɗu sai ya ce, "Manya ba sa gaggawa, 'yar nan," ya wuce.

Inna kuma ranar kasuwa ba ta san inda za ta sa kanta ba. Jiya na same ta ta buɗe adakar da faifan yake zama, tana kallon wurin.

In na yi maka laifi a wasiƙar baya, maganar kallabin ko wani abu, ka ɗauka yarinta ce. In kuma ya fashe ne, ka faɗa mini. Zan san yadda zan gaya mata.

Luba

*

Kano,
6 ga Yuli, 1957

Zuwa ga ƙanwata Luba,

Gaisuwa gare ki da Inna da Kawu. Lafiyata ƙalau. Ba ki yi mini laifin komai ba, kuma bai fashe ba. Ga shi nan na ba direba ya dawo da shi yadda ya zo.

Na yi shiru ne don ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Ranar da ya iso na sa shi da sabuwar allura. Luba, babu komai a ciki. Shuuu kawai yake yi, kamar ana ruwa a kan kwano. Can ƙasa, in mutum ya kasa kunne, yana jin wani abu yana bugawa kamar ana daka a wata unguwa. Murya kuwa babu. Na ce ko injina ne, na kai wa mai gyaran na'urorinmu. Ya ɗaga shi a haske ya nuna mini. Faifai lafiyayye baƙi ne wuluk yana sheƙi, da 'yan layuka sirara, a cikinsu muryar take. Naku ya yi fari-fari kamar toka. Ya ce allurar garmaho sau ɗaya ake amfani da ita a yar. Wasasshiya kuwa, balle ta keken ɗinki da dutse a kanta, kankare layukan take yi, duk sawa ɗaya ta ɗebe kaɗan. Na tambaye shi ko ana gyarawa. Ya ce abin da aka kankare ya bi iska.

Duk da haka na kai wa babbanmu. Ya saurara kaɗan ya ce in an sa wannan mutane za su zaci rediyonsu ne ya lalace.

Na nemi dariyar da kika ce. Na sa wurin ya fi a ƙirga, har na tuna ni ma cinye shi nake yi, na daina.

Cewa na yi ki aiko in ji, ban ce za a sa ba. Amma da na san za a tara mutane, da na faɗa da babbar murya. Laifina ne da na bari har makonni suka wuce.

Abu ɗaya na samo. Babban ya ce in Kawu Sabo zai zo Kano da mutanensa bayan kaka, za a iya ɗaukar su a sabuwar na'ura. Ban yi alkawari ba, ki lura. Na haɗo da gwangwanin allura sababbi, ki ba Ladan.

Ki yi haƙuri.

Yayanki,
Inuwa

*

Tudun Wada,
11 ga Agusta, 1957

Zuwa ga Yaya Inuwa,

Gaisuwa. Muna lafiya. Gero ya yi kai, dawa ma ba laifi. Saƙo ya iso, mun gode.

Da na karanta wasiƙarka na ce a raina ƙarya kake yi, kunyar kiɗan ƙauye kuke ji. Ka yafe mini. Ranar kasuwa na ɗauki faifan da kaina na kai wa Ladan, da sabuwar allurarka. Yana sawa mutane suka taru. Na ji gangar Kawu, na ji gyaran murya, na ji "Ubale ɗaga garma" tar kamar Baba yana bayana. Ladan ya ce, "To ina shuuu ɗin? Kunnen 'yan birni dai mota ta toshe shi."

Ban san inda na sami bakin ba. Na ce don Allah a sake sawa, kuma kowa ya yi shiru, kada wanda ya bi waƙar. Suka dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Aka sake sawa. Ba su iya ba, Yaya. Ladan ya rufe baki amma hancinsa yana yi. Tsoho Ubale, shi wanda aka yi wa waƙar, ƙafarsa tana bugawa, leɓensa yana motsi. Ni kaina sai da na ciji mayafina.

Akwai wata mai tallar nono a gefe, baƙuwa ce daga wajen Doguwa, ba ta taɓa sanin Baba ba. Na ce, "Inna, me kika ji a cikin akwatin nan?" Ta karkata kai ta saurara da gaske, baiwar Allah. Ta ce, "Ƙosai ake toyawa a ciki?"

Ba wanda ya yi dariya. Ladan ya ɗaga hannun garmahon, ya kwance ɗan dutsen, ya riƙe shi a tafinsa yana juyawa. Na ɗauki faifan na bar wurin. Ban san tun yaushe muke yi wa kanmu waƙar ba. Wataƙila shekara biyu, wataƙila fiye.

Na gaya wa Kawu maganar zuwa Kano. Ya ce, "In je in buga wa wa? Ganga tambaya take yi, 'yar nan, Yaya Mudi ne yake ba ta amsa. Su ɗauki tambaya su kai ina?" Noman bana gayya ɗaya aka kira shi, ita ma ta surukinsa ce. Ran Talata ya hau motar Riruwai. Gangar tana rataye a zauren Inna da sabuwar fatarta. Da zai tafi ya dafa kaina ya ce na yi ƙoƙari. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Inna ban karanta mata wasiƙarka ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta karɓi faifan ta shafa shi ta mayar adaka. Da kasuwa ta zagayo ta ce in kai wa Ladan. Na ce Inna, duk sawa ɗaya ragewa yake yi. Ta ce, "Ni dai ina jin sa." Na kai.

Kada ka ƙara wahalar neman na Furera da na Ɗantani. Su ma garuruwansu suna son su, kuma ko'ina akwai tela.

Abu ɗaya ya rage, ban gaya wa kowa ba sai kai. Muna da auta, Hasana, tana goye Baba ya rasu, a faifan nan kaɗai ta san shi. Shekaranjiya ina yi mata kitso na ce, "Hasana, kin san waƙar Baba?" Ta ce ta sani mana, ta rera mini ita tsaf, yadda take ji a bakin mutane. Na ji daɗi. Sai na ce, "To shi Baban, yaya muryarsa take?" Ta ce, "Au, shi?" Ta gyara zama, ta haɗe haƙora, ta ce shuuuu. Ta daɗe tana yi, har da ɗaga kai don in ga ta iya.

Na ce mata ta iya. Na ƙarasa kitson.

Malama ta aro mini sabon littafi, yana nan ban buɗe ba. Ba sai ka amsa wannan ba, na san aiki ya yi maka yawa. Allah ya bar zumunci, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Ƙanwarka,
Luba